Kafin Tulu Ya Fashe: Matakan Sauke Nauyi ga Macen da Ta Haura Arba'in

Daren da muka kai 'yata ta biyu ɗakin mijinta, sai ƙarfe ɗaya saura na dawo gida. Maimakon in nemi makwanci, sai na tsaya a tsakar gida ina ƙirga kulolin abinci, domin takwas daga ciki na aro ne, biyu kuma na ga babu murfi. Ƙeyata ta yi nauyi kamar an ɗora min dutsen niƙa, amma abin da ke raina shi ne murfin kular maƙwabciya. Yayata, wadda ta daɗe tana aikin jinya, ta ƙare min kallo ta ce, "Zo ki zauna nan." Ta zaro na'urar awon jini daga jakarta ta ɗaura min. Ya nuna 168 bisa 102. Na ce mata ai gajiyar biki ce. Ta ce, "Tun kafin a sa rana kike ce min gajiya ce."

Macen da ke tsakanin shekara 40 da 55 a gidan Bahaushe ita ce bangon da kowa ke jingina da shi. Iyaye sun manyanta, sai an kai su asibiti. 'Ya'ya sun isa aure ko suna jami'a. Wadda ta haihu za ta dawo gida wankan jego, ke ce mai dafa ruwa da kunun kanwa. Maigida ya doshi ritaya, ko kasuwa ta ja baya, a wani gidan ma amarya ta shigo. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin cefanen da ke kai ki mako ya koma na kwana uku. A daidai wannan lokacin kuma jikinki ya fara nasa sauyin, bai nemi shawararki ba.

Idan aka ce mace ta kula da kanta, mu nan hankalinmu kan tafi ga dilka da halawa da turaren wuta. Ba ni da ja da su, ni ma ina yi. Sai dai wannan gyara ne don idon wani, kuma ana iya shan dilka fata ta yi sheƙi alhali jini na can sama. Abin da nake nufi a nan shi ne rage kayan da ke kanki, a jere, daga wanda ya fi gaggawa. Ki nemi littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro, ki ajiye su inda yara ba za su yage ba. Za ki buƙace shi kusan a kowane mataki.

Mataki na 1: Ki fara da awo

Kada ki yi saurin raɗa wa abin da ke damunki suna. Kasala, faɗuwar gaba, saurin fushi, jiri da rashin barci, damuwa na kawo su, amma ƙarancin jini da ciwon suga da matsalar ƙullutun wuya, wanda kan kumbura ya zama maƙoƙo, su ma suna kawo irinsu. Hawan jini kuwa yawanci ba ya ma yin sallama, mace na iya shekaru da shi tana hidimarta. Wadda jininta ya yi ƙasa saboda haila mai yawa, ko wa'azin haƙuri nawa za a yi mata, kasalar ba za ta tafi ba.

Saboda haka ki je asibiti mafi kusa ki nemi abu uku: awon hawan jini, awon suga da safe kafin ki karya, da awon yawan jini. Awon hawan jini yana da ƙa'ida, kuma sau da yawa ana yin sa a gurguje. Rabin awa kafin a yi, kada ki ci goro ko ki sha shayi. Ki kewaya banɗaki tukuna. Ki zauna minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji. Yayin da na'urar ke matse hannun ki yi shiru, kuma na san wannan ne ya fi mana wuya, domin a nan ne ake tuna gaisuwar da ba a ƙarasa ba. Idan damtsenki mai kauri ne, ki tambaya ko akwai babban maɗauri, saboda ƙarami kan nuna adadin da ya fi na gaskiya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar 140 bisa 90 ko sama a matsayin hawan jini idan an same shi a ranaku biyu daban-daban. Ki rubuta kowane awo da kwanan wata a shafin farko na littafinki.

In an ɗora ki a kan magani, ki riƙe shi. Ranar da kika ji garau ba ranar ajiye shi ba ce, maganin ne ya sa kika ji garau ɗin. Kada ki karɓi na ƙawa don ta ce ya karɓe ta. Zoɓo marar sukari da tafarnuwa ba laifi, amma ba sa zama madadin abin da likita ya rubuta.

Mataki na 2: Ki gane abin da jikinki ke yi

Yawancin mata haila na ɗauke musu tsakanin shekara 45 da 55, kuma ba a cewa ta ɗauke sai an cika wata 12 a jere ba a gan ta ba. Abin da ba a faɗa mana shi ne, shekarun da ke gaban ɗaukewar su ne masu rikici. Sinadarin istirojin da ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa ba ya sauka a hankali kamar ruwan randa, hawa da sauka yake yi. Wannan watan haila ta zo da wuri, wancan ta tsallake, wani ta zo kamar da bakin ƙwarya. Sai ki ji wani zafi ya taso daga ƙirji ya mamaye wuya da fuska, gumi ya karyo, bayan 'yan mintuna ya lafa ya bar ki da jin sanyi. Da dare ki farka rigar barci sharkaf. Ki shiga ɗaki ki manta abin da ya kai ki. Yaro ya zubar da ruwa, ki ji kamar ki rufe shi da duka, daga baya ki rasa abin da ya yi zafi.

Na san wadda ta yi wata shida ana mata ruƙiyya a kan wannan zafin, ana zargin kishiya, har zumunci ya taɓu. Addu'a ba ta da ranar bari, amma da an gaya mata shekarunta ne suka kai, da kishiyar ta huta, ita ma ta huta. Iyayenmu sun bi ta wannan hanyar, kunya ce ta hana su ba mu labari.

Abin yi mai sauƙi ne. A littafinki ki ware shafi na haila: ranar da ta zo, ranar da ta ɗauke, yawanta. Wannan shafin zai yi miki amfani wajen likita, zai kuma yi miki amfani wajen malamar Islamiyya idan jinin ya rikice kika rasa na haila da na ciwo, ga salla na jira. Ki lura da abin da ke tayar miki da zafin. Ga mata da yawa yaji ne, ko shayi mai zafi, ko tsayuwa a gaban murhu, ko ɓacin rai. Ki koma wa atamfar auduga da hijabi marar nauyi, ki bar leshi mai roba sai ranar da ya zama dole. Ki kwana da ruwan sha da mafici a kusa, da rigar canji.

Abu uku kada ki yi wasa da su. Na ɗaya, muddin ba a cika wata 12 ɗin nan ba, ciki na iya shiga, kuma an sha ganin uwa da 'ya suna goyo tare. Na biyu, duk jinin da ya dawo bayan haila ta ɗauke shekara guda, ko ɗigo ne, a je asibiti, haka ma jini bayan saduwa ko ƙullutu a mama. In ba a taɓa yi miki gwajin sankarar bakin mahaifa ba, ki nema, domin tun daga shekara 30 ake so a fara. Na uku, bushewar gaba da jin zafi wajen kwanciyar aure suna da magani a asibiti. Kada ki cusa wani haɗi da aka saya a gidan biki. Idan zafin jiki da gumin dare sun hana ki sakat, akwai maganin da ke mayar da sinadarin da ya ragu, amma ba kowace mace ya dace da ita ba, likitan mata ne zai duba tarihinki ya yanke.

Mataki na 3: Ki rubuta kayan da ke kanki, ki raba su uku

Mako guda cur, duk abin da kika yi ki rubuta kafin ki kwanta. Har da wanda ba a kiransa aiki: tuna wa Baba maganinsa, sasanta 'yarki da mijinta a waya, neman takalmin auta, tunanin abin da za a dafa gobe. Wannan na ƙarshen shi ne aikin da ba a gani, kuma ya fi wanke-wanke cin rai. Makon da na fara, na cika shafi biyu kafin Laraba, na zauna ina kallon takardar kamar wata ce ta rubuta.

A ƙarshen mako ki bi su ɗaya bayan ɗaya da alama uku. Wanda ke kaɗai za ki iya, ki sa masa kure. Wanda wani a gidan zai iya in an nuna masa, ki rubuta sunan mutumin a gefe. Wanda in an bar shi ba wanda zai mutu, ki ja masa layi. Za ki yi mamakin ƙanƙantar kashin farko.

Kashi na biyu ne fagen daga. Muna da wata ɗabi'a ta cewa kafin in nuna wa wani gara in yi da kaina, kuma a ƙarƙashinta akwai ɗan jin daɗin cewa gidan ba ya tafiya sai da mu. Ki yarda tuwon 'yarki ya yi gudaji sau biyar, na shida zai yi laushi. Samarin gidan nan da ke kwance da waya suna iya wanke kayansu da guga, suna iya cefane, suna iya kai kakarsu asibiti su bi layin kati. Ba abin da zai ragu a mazantakarsu, matansu ma za su yi miki addu'a wata rana. Idan kin ba da aiki, ki ba da shi gaba ɗaya, da lokacinsa: "Abba, daga yau maganin Hajiya a hannunka yake, safe da dare, in ya kusa ƙarewa kai za ka faɗa." Sannan ki kawar da kai. In kika tsaya a kansa kina gyara, kin ƙara wa kanki aikin sa ido ne kawai.

Jinyar iyaye ita ta fi buƙatar a zauna a yi magana. A dangi da yawa, 'ya mace ɗaya da ke kusa ita ake bar wa komai, sauran sai waya da "Allah Ya saka da alheri." Ki tara 'yan uwa, ko ta waya ne, a raba kwanaki, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani. Ladan ai ba ke kaɗai ke buƙatarsa ba.

Mataki na 4: Biki, anko da adashi

Nan zan daɗe, domin nan ne kuɗinmu da ƙarfinmu ke zurarewa. Zumunci a ƙafa yake, gaskiya ne, amma ƙafar guda biyu ce. Bikin yanzu ga kamu, ga sa lalle, ga yini, ga dina, ga kai amarya, ga buɗar kai, kowanne da ankonsa. A wata guda sai ki samu kati huɗu. Ga kuɗin biki da ake ramawa, wanda a al'ada in ta ba ki dubu biyar ke sai kin ɗora a kai. Mace sai ta ci bashi don ta fita kunyar wadda ita ma bashi ta ci ta yi mata.

Ga yadda na tsara nawa. A farkon wata nakan ware abin da zan iya na gudunmawa, in sa a ambulan. In ya ƙare, ya ƙare, sauran sai addu'a da zuwa da ƙafa. A kowane biki, in ba na jinina ba ne, taro ɗaya nake zaɓa. Dubiya da ta'aziyya kuwa ba na haɗa su da dina, su ne gaba, domin marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa sun fi amarya sanin wanda ya zo.

Wahalar ita ce bakin da za a faɗa. Mu ba a koya mana cewa a'a ba, sai mu ce "to" a baki, mu dawo gida muna ƙunci. Ki haddace jimloli biyu ko uku tun kafin a kira ki. "Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin. Wannan karon ba zan samu yin anko ba, amma in sha Allahu za ki gan ni ranar yini." Ko ga babbar yaya: "Yaya, ki yi min uzuri, girkin mutum ɗari ya fi ƙarfina yanzu, amma zan aiko da zoɓo." In an zo miki ba shiri, ki ce, "Bari in duba, zan kira ki gobe." Daren nan guda ya sha cetona. Kada ki jero dalilai, domin kowane dalili kika kawo, za a kawo miki maganinsa: in kin ce ba kuɗi, a ce ki karɓa ki biya a hankali. Kada kuma ki yi ƙarya, ita ma kaya ce, sai kin riƙa tuna abin da kika faɗa.

Za a yi magana, wannan kam babu makawa. Za a ce kin canza, ko kin fara ji da kai. Maganar ba ta wuce mako biyu, sai a samu wata a koma kanta. Akwai ma waɗanda za su same ki a gefe su ce da ma su ma sun gaji.

Adashi alheri ne in an shiga da lissafi. Ki rubuta duk zubin da ke kanki a wata, ki haɗa jimla. In sai kin shiga wani adashin kafin ki zuba wani, to kin faɗa rami, ki ƙarasa waɗanda ke hannu kada ki sabunta. Kayan ɗakin 'ya kuma a fara tara su tun da wuri, kuma a yi su daidai ɗakin da za ta zauna da aljihun iyayenta. 'Yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi su watse, bashin kuwa ke zai kwana da ke shekara biyu.

Mataki na 5: Barci, da awa ɗaya da ba ta kowa ba

Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Ki ƙirga naki da gaskiya: in kina kwanciya sha biyu ki tashi huɗu da rabi, ba ki kai biyar ba. Tunda asuba ba ta matsawa, daren ne zai matso. Ki sa wa kanki lokacin kwanciya, ki ajiye waya a falo ko nesa da gado. Zaurukan WhatsApp na dangi da na tsofaffin ɗalibai da na anko, ki kashe musu ƙara, ba abin da zai faru a ciki da ba zai jira safiya ba. Fim mai dogon zango ma yana nan gobe. Goro da shayi da kofi suna da sinadarin kafeyin, wanda bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini, don haka goron la'asar shi ne idon da ke ƙyam da tsakar dare. In tunani ne ke hana ki, ki tashi ki rubuta shi a littafin, ki ce masa sai da safe.

Sai ƙailula. Bayan azahar nakan shiga ɗaki in sa sakata na awa ɗaya. Na gaya wa yaran gida, in ba jini ba ne ko wuta, kada a buga min ƙofa. Makon farko an buga sau uku, ɗaya don neman ashana. Yanzu har baƙi sun sani. Barcin kada ya wuce minti 30, in ya zarce zai ci na dare. Sauran lokacin ki yi abin da ranki ke so: karatu, sauraron rediyo, saƙa, ko kwanciya kawai kina kallon silin.

In zuciyarki ta ce miki wannan son kai ne, ki tuna labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i. Salmanu ya kai masa ziyara ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya manta da kansa da iyalinsa, sai ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya kwanta, ya tuna masa cewa kansa ma yana da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (SAW) ya gaskata Salmanu. In an hana mutum gajiyar da kansa a kan nafila, ina ga soya miyar biki?

Mataki na 6: Ki motsa, ki rage gishiri

Za ki ce ai wuni kike a tsaye. Tsayuwa a kicin gajiya ce, ba ta sa zuciya ta yi aikin da ake so. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsi mai ɗan sa haki, wato minti 30 sau biyar. Tafiya da sauri ta wadatar, irin wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. In fita na da wuya, ki zagaya tsakar gida bayan asuba kina azkar ɗinki, ko ki tafi Islamiyya a ƙafa ke da maƙwabciya, ko ki sauka daga adaidaita kafin a kai ƙofar gida. Minti goma sau uku ma ya yi. Bayan ɗaukewar haila ƙashi na saurin yin rauni, kuma tafiya da ɗan ɗaga nauyi na riƙe shi. Kindirmo, miyar kuka, zogale, riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu duk abincin ƙashi ne, kuma ba sai an je kanti ba.

Gishiri kuwa, abin da ake so bai kai giram 5 a yini ba, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙule. Mu kuwa sai mu jefa dunƙule shida a tukunya mu bi da gishiri. Ki rage ɗaya duk mako, ki ƙara daddawa da albasa da citta, harshen gidan zai saba ba tare da an yi taro a kai ba. Ki kuma daina zama ta ƙarshe a cin abinci, mai cin ƙanzo a tsaye. Ki zuba naki tare da na kowa, ki zauna.

Mataki na 7: Idan rai ya ɓaci nan take

Lokacin da kika ji zuciya na tafasa, jiki ya saki sinadaran shirin faɗa, bugun zuciya ya ƙaru. Ki bar wurin. Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki kina ƙirga shida, sau goma. Tsawaita fitar numfashin ne ke saukar da bugun. Ki yi alwala da ruwa mai sanyi. In kin idar da salla kada ki zabura, ki ƙara minti biyar a kan dadduma, tukunya ba za ta ƙone ba. Amsar da za ki mayar, ki bar ta sai bayan wannan.

Mataki na 8: Ki samu wadda za ki faɗa wa, ki kuma yi magana da maigida

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma ba kowace mace ake buɗe wa ciki ba. Mutum ɗaya ta isa: wadda kika gwada ta da ƙaramin sirri bai dawo miki ta wani bakin ba, wadda in kin gama magana ba ta ce "ai nawa ya fi naki" ba, kuma ba mai zuga ba. Kada ki mayar da 'yarki ta fari wannan aminiyar, musamman a kan abin da ya shafi mahaifinta. Nauyin ya fi ƙarfinta, kuma da shi za ta shiga nata gidan.

Maigida kuwa, mafi yawansu ba su san komai game da wannan sauyin ba, ba wanda ya taɓa gaya musu. Abin da yake gani shi ne kin zama mai faɗa, kina juya masa baya. Ki zaɓi lokaci, bayan ya ci ya huta, ba a bakin ƙofa yana neman makulli ba. Ki faɗi abu ɗaya, ki nemi abu ɗaya: "Alhaji, an auna ni jinina ya hau, likita ya ce in rage aiki. Ina so baƙin ranar Juma'a a riƙa sayo musu abinci, ko a rage su." Wannan ya fi a kwance buhun laifin shekara ashirin a dare guda. In da hali ki tafi da shi asibiti, abin da ya ji daga bakin likita ya fi zama masa.

Mataki na 9: Ki san inda dabarar gida ta ƙare

Idan kin yi mako biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da a da kike so ya fita daga ranki, abinci ba ya shiga ko barci ya gagara, kina kuka ba dalili, kina jin ba ki da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani kamar yadda suga ke da shi. Ba raunin imani ba ne. In har tunanin gara mutuwa ko cutar da kanki ya fara zo miki, ki faɗa wa wani a yau, a kai ki asibiti. Za ki iya farawa da likitan da kika saba gani. Akwai kuma asibitocin da wannan ne aikinsu, kamar na Dawanau a Kano, na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sannan manyan asibitocin koyarwa na da sashen. Yawancin masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida su ɗora tukunya.

Hanyar da za ki guje wa ita ce ta kemis. Ƙwayar barci da aka sha don dare ɗaya, ko maganin tari mai kodin don a manta da ɓacin rai, sun kama matan aure da yawa a ɗakunansu ba wanda ya sani. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi. Haɗin maganin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda shi ma ba abin sha kullum ba ne, irinsu na tayar da hawan jini, su ci ciki, su taɓa ƙoda. In kin riga kin saba da wani, kada ki yanke shi dare ɗaya, ki gaya wa likita ya sauke ki a hankali.

Akwai alamun da ba a jira da su gari ya waye: ciwon ƙirji mai danna, numfashi na sarƙewa, baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, magana ta harɗe, ko ciwon kai mai tsanani da ya zo farat ɗaya. A nemi mota nan take, shafa mai da tofi a yi su a hanya.

Ranar ganin likita, ki tafi da littafinki da duk magungunan da kike sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya da na Musulunci. Layi na da tsawo, lokacin da za a ba ki kaɗan ne, don haka ki rubuta tambayoyinki uku tun a gida. Wadda kika fi jin kunyar faɗa, ita za ki fara da ita, kafin ya ɗauki biro.